Jiran Iso a Ɗakin Ajiyar Mutanen Filifin

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da wata Asabar ta tsakiyar zafi a farkon shekarun dubu biyu, ranar da na saka shaddata mafi tsada na je na zauna a ɗakin ajiyar wasu bayin Allah fiye da awa uku, ina jin babu mai tarbiyya irina a duk faɗin Greensboro. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cin abinci, sai in ajiye cokali.

Sai na fara gaya muku ko ni wane ne, domin nan cutar take. A Damagaram ni daraktan makarantar firamare ne, shekara goma sha ɗaya. Kowa Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, kuma in na shigo aji ko tari ba a yi. Da na zo Amurka sai na samu aiki a wata masaƙa da ke yin yadin wandon jins. Aikin tsayuwa ne da ƙarar inji, amma yana riƙe gida. Ana nan aka rufe masaƙar, aka kwance injunan aka loda su zuwa wata ƙasa, mu kuma aka ba mu takarda da godiya. Wata bakwai na yi a zaune. Mutanenmu ba su san zurfin abin ba, don duk wanda ya tambaye ni sai in gyara hula in ce ina duba wasu abubuwa ne tukuna. (Abin da nake dubawa kuwa talabijin ne, da agogon tashin yara daga makaranta.) Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ni ne dai ake zagayewa ana neman shawarar yadda ake zama da Amurkawa, ni kuma ina bayarwa ba ƙaƙƙautawa.

Wadda ke ɗauke da gidan ita ce matata Balkisa. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi: ta ɗaga wannan daga gado, ta yi wa wancan wanka, ta juya wata don kada ta yi gyambo. Tun da aikina ya tafi ta ƙara shif na biyu, wato zagayen aiki biyu a rana ɗaya. Sai ta dawo ƙafafunta sun kumbura, ta tsoma su a ruwan ɗumi da gishiri. Likita ya riga ya gaya mata cewa bayanta ba zai jure wannan ɗaukar nauyi na dogon lokaci ba. Duk abin da muke nema a duniya a lokacin shi ne in samu aikin da zai sa ta ajiye shif ɗin nan na biyu.

Shugabarsu a wurin aiki wata nas ce 'yar ƙasar Filifin mai suna Marisel. Mahaifinta tsohon likita ne da ya haura tamanin, duk gidansu Lolo suke ce masa, wato kaka. Ido ya yi rauni, an karɓe masa makullin mota, ana neman dattijon mutum mai natsuwa da zai riƙa tuƙa shi yana kuma kula da gidan. Balkisa ba ta iya roƙo ba. Sati guda ta yi tana juya maganar a baki kafin ta iya furta ta. Marisel ta ce ai ba komai, in zo ranar Asabar da ƙarfe biyu. Aiki kamar nawa ne, tsohon dai yana so ya ga fuskata.

Da safen ranar, tana ɗaura takalmin aiki, Balkisa ta ce mini: "Malam, ta ce ƙofa a buɗe za ka same ta. Ka shiga kawai ka hau sama. Ta maimaita mini har sau biyu."

Na ce: "Bon, na ji. Ni za ki koya wa shiga gidan mutane?"

Ta kalli babbar rigar da na shimfiɗa a kan gado, ta ce da na sa shat da wando. Na ce mata mutum da shigarsa ake sanin asalinsa. Ta ɗauki motar (ɗaya ce gare mu) da wayar hannun (ita ma ɗaya ce), ta tafi.

Wani ɗan garinmu mai tasi ne ya kai ni Pleasant Garden, can kudu da gari, inda gidaje ke nesa da juna kowanne a tsakiyar filinsa. Na ce masa wani likita abokina zan gaisar, ya sauke ni a bakin titi, kada ya shiga ciki. Ba na so masu gidan su ga an kawo mai neman aikin direba a tasi. Na taka da ƙafa ta cikin itatuwa har gidan ya bayyana.

Ban taɓa ganin irinsa a Amurka ba. Ƙasansa na dutse ne, kauri kamar ganuwa, da 'yan tagogi ƙanana masu ƙarafa. Samansa na katako ne, ya ɗan fi ƙasan faɗi, tagoginsa manya-manya, an jera musu wasu ƙananan abubuwa farare masu sheƙi kamar ƙumba. A gaba akwai ƙofar da babbar mota za ta iya shiga, a jikinta an yanka wata ƙaramar ƙofa, ita ce a buɗe. Na sunkuya na shiga, sai na ji sanyi da ɗan duhu, ga fili mai faɗi, ƙasa shimfiɗe da jan bulo. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Zaure ne, in ji zuciyata. Shekara tara ina ƙasar da in ka buɗe ƙofa sai ka faɗa tsakiyar falon mutane kana kallon tukunyarsu, yau ga masu mutunci sun gina zaure.

To, akwai buhunan shinkafa an jibge su a gefe. Akwai manyan randuna na ƙasa, da kwalaye ɗaure da igiya, da injin yankan ciyawa, da tsohon keke ba ƙafar gaba. A tsakiya akwai wata amalanke ta katako mai sassaƙa, a kanta wani dogon abu lulluɓe da farin ƙyalle. Can ciki kuma matakala ce mai faɗi, katakonta na ƙyalli, ta miƙe zuwa sama. (Mai hankali in ya ga injin yankan ciyawa zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na tuna zauren mahaifina, inda ake rataye sirdi a jingine dammunan gero lokacin kaka, na ce ashe duniya duk ɗaya ce.)

Na cire takalmi na ajiye a bakin ƙofa. Na yi sallama. Na tafa hannu sau uku. Na ce halo da muryar da ta dace da baƙo mai kunya, wato muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta. A sama kuwa kiɗa ake yi, wasu mata na rera waƙa a makirfo, in ɗaya ta kuskure sai a fashe da dariya. Na tuna saƙon Balkisa, na nufi matakalar, na taka ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu na ga silifas na mata an jera su. Nan ƙafata ta ƙi. A gidanmu namiji baligi ba ya wuce zaure sai an yi masa iso an fito an shiga da shi. Mahaifina ya taɓa korar ɗan ƙanensa na ciki ɗaya a kan haka. Na ce a raina wannan "ka hau sama" irin maganar kara ce, kamar yadda ake cewa bismilla ga wanda ya tarar da kai kana cin abinci. Na sauko da baya.

Akwai wata igiya da ta sauko daga rufi kusa da amalanken, da ƙaramar ƙararrawa a can samanta. Na gan ta sarai. Amma da yake tana kusa da abin nan mai lulluɓi, sai na yanke hukuncin cewa kayan ibadarsu ne, bai kamata Musulmi ya taɓa ba. Na zaɓi buhun shinkafar da ya fi tudu, na tattara babbar riga, na zauna a kai kamar mai jiran a zo gaisuwa.

Rabin awa na farko cikin nishaɗi na yi shi. Na ce gwada haƙurina suke yi, manya haka suke. Ni ma da nake darakta na sha barin iyayen yara a kan benci don su san ofis suka zo. Da awa ta cika sai zaman ya fara isata. Na tashi na zagaya, na leƙa randunan (ba komai ciki sai warin busasshen kifi), na ɗaga gefen farin ƙyallen nan. Fuskar mace na gani, an sassaƙa ta da katako, da gashi irin na mutane da idanun gilashi, tana kallona kai tsaye. Na saki ƙyallen na yi baya har na yi tuntuɓe da keken. Da lokacin sallah ya yi na koma can lungun da ya fi nisa da ita, na warware wani kwali na shimfiɗa, da yake da alwalata, na yi sallah. Na roƙi Allah ya sa wani ya sauko. Ban roƙe shi ya ba ni hankalin hawa ba.

Daga nan zuciyata ta fara nutsewa. Na ce ko sun sake shawara ne suna jin nauyin gaya mini. Na tuna ƙafafun Balkisa a cikin roba. Na tuna ƙaramin ɗanmu da ya tambaye ni da Turanci me ya sa kullum ni ne a gida. Na ji wani irin ƙunci da ban taɓa ji ba ko ranar da aka rufe masaƙa. Duk da haka ban hau ba. Kuma tunda na ɗauki alƙawarin faɗin gaskiya, bari in faɗe ta: ba tarbiyya kaɗai ta zaunar da ni ba. So nake wani ya sauko ya ce sannu da zuwa, ya wuce gaba ina biye, don in shiga gidan nan a matsayin baƙo, ba a matsayin wanda matarsa ta roƙar masa aiki ba.

Wajen huɗu da rabi na ji tsayuwar mota. Wanda ya sunkuyo ta ƙaramar ƙofar nan Istifanus ne, wani mutumin Kafanchan, magidanci, shekararsa biyu da zuwa, yana aikin wankin mota. A shagon da muke sayen manja da garin rogo muka saba, kuma babu abin da ban koya masa ba, daga yadda ake cika takardar neman aiki har zuwa muhimmancin cika alƙawarin lokaci a ƙasar nan. Ya sha farar shat da taye. Da ya gan ni ya washe baki ya rusuna.

"A'a, Malam, ina wuni? Kai ne a nan?"

Na amsa, na tambaye shi me ya kawo shi.

"Daga coci aka kira ni yanzun nan, wai in zo intabiyu. Wani tsoho na neman direba. Wai mutumin da suka sa rai da shi tun ƙarfe biyu bai zo ba, ko waya bai yi ba. Ka ji halin mutanenmu, Malam. Kai fa?"

Jama'a, a wannan lokacin komai bai ɓaci ba tukuna. Da na miƙe na ce Istifanus ni ne mutumin, da na tattara riga na haye matakalar nan a guje, da labarin ya zama abin dariyar da za a yi a gama a ranar. Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne:

"Ai likitan nan abokina ne. Gaishe shi na zo yi, na ɗan sauko shan iska."

Ya ce madalla, ashe ya zo a sa'a, in sa masa baki. Sannan ya miƙa hannu ya ja igiyar nan. Ƙararrawa ta kaɗa, kiɗa ya tsaya cak, wata murya daga sama ta ce a hawo. Ya haye da takalminsa, biyu-biyu yake tsallake matakalar.

Minti arba'in ɗin da suka biyo baya ba na yi wa maƙiyina fatansu. Yanzu na san komai, kuma na rufe wa kaina kowace ƙofa da bakina. Na yi tunanin gudu, har na sa takalmi ƙafa ɗaya. Amma ina za ni? Ba mota, ba waya, ba bas a wannan yanki, sai dogon titi da karnukan mutane, ga ni cikin babbar riga. Na cire takalmin na koma kan buhuna. Ina jin ƙarar faranti a sama, ina jin dariyar Istifanus, ina jin wata tsohuwar murya tana dariya tare da shi.

Sai ga takun ƙafafu. Tsoho ne a gaba, ɗan ƙarami, yana dogara sanda, Marisel na riƙe da hannunsa, wasu tsofaffin mata biyu na leƙe ta bayansu. Istifanus ya nuna ni da hannu bibbiyu, cike da murna, ya ce da Turanci ga abokin naka nan, Lolo, tun ɗazu yake shan iska. Tsohon ya gyara tabarau, ya matso har ina jin numfashinsa, ya dube ni daga hula zuwa yatsun ƙafa. Ya juya ya tambayi 'yarsa ko shinkafa aka kawo.

Marisel ta ƙura mini ido. Ta taɓa ganin hotona a wurin Balkisa. Na ga lokacin da ta gane ni, don sai da ta rufe baki da hannu.

"Kai ne mijin Balkisa? Tun yaushe kake nan?"

"Tun biyu saura kwata," in ji ni.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na miƙe tsaye, bayan shaddata duk ya yi fari da ƙurar buhu, ƙafata ba takalmi. Ban iya kallon Istifanus ba.

Ashe tun ƙarfe biyu suke leƙen taga suna jiran mota. Sun buga wayar gidanmu ba a ɗauka ba. Da na yi ƙoƙarin bayyana musu maganar zaure da iso, sai tsohon ya zauna a kan matakala, ran nan nasa ya ɓaci saboda ni, ya shiga yi mini bayani a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya ce gidan kakansa ne ya kwaikwayo, irin ginin da aka yi a ƙasarsu zamanin mulkin Turawan Sifen. A can ruwa na ambaliya, ƙasa na da danshi, don haka mutane a sama suke zama inda iska take. Ƙasan gida bodega ce, wato ma'ajiya: wurin shinkafa, da randuna, da keken doki, da amalanken da ake ɗora mutum-mutumin Maryama a zagaya da shi gari sau ɗaya a shekara. Ya ce a garinsu barin baƙo a nan ƙasa cin mutunci ne babba, ko mai kawo itace ana ce masa ya hau ya sha ruwa. Ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri. Shi yake ba ni haƙuri.

Marisel ta ja ni gefe, idonta a ƙasa, ta ce mahaifinta ya riga ya yi musabaha da Istifanus, kuma shi in ya ba da hannu ya gama. Istifanus ya matso, ya yi ƙasa da murya, ya ce da Hausa: "Malam, ban sani ba wallahi. In bar maka?" Na san yana fafutukar kawo matarsa da 'ya'yansa daga gida. Na ce a'a, rabonka ne, Allah ya sa albarka. Har gobe ban san ko kirki ne ya sa na faɗi haka ba, ko kuwa girman kan nan ne dai ya sake shigowa ta wata ƙofar.

Suka dage sai na hau na ci abinci. Haka na hau, a ƙarshe, tsofaffin mata biyu na karkaɗe mini bayan riga. Saman gidan falo ne mai faɗi, iska na shiga ta ko'ina. A kan tebur akwai faranti ɗaya a kife wanda ba a taɓa ba, nawa ne tun ƙarfe biyu. Kaza suka dafa, suka ajiye naman aladen da suka saba ci ranar Asabar, saboda Balkisa ta gaya musu ni Musulmi ne. Na tura loma uku, kowace kamar tsakuwa.

Istifanus ne ya mai da ni gida. Daga Pleasant Garden har ƙofarmu ban ba shi shawarar komai ba. Kuma bai taɓa gaya wa kowa ba; shekara shida ya yi yana tuƙa tsohon, duk inda muka haɗu sai ya rusuna ya ce Malam, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Balkisa ta dawo bayan magariba. Marisel ta riga ta kira ta. Na shirya jawabi mai tsawo a kan bambancin al'adu, har da misalai. Ta zauna a bakin gado ba ta ko cire rigar aiki ba, ta bar ni na kai tsakiya, sannan ta ce:

"Malam, matakalar nan guda nawa ce?"

Na ce goma sha tara. (Na ƙirga su lokacin da nake zaune. Me ban ƙirga ba?)

Ta gyaɗa kai. "Ni yau mutum goma sha ɗaya na ɗaga daga gado. Kai kanka kaɗai aka ce ka ɗauka ka kai sama."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har yau. Ta tashi ta jona abin guga ta goge rigar gobe. Wata goma sha huɗu ta ƙara tana shif biyu kafin in samu aikin jera kaya a wani sito, kuma kafin nan bayan nata ya riga ya lalace. Yanzu a zaune take sallah. Duk sanda na ga ta jawo kujera ta fuskanci alƙibla, na san hannun wa ke ciki.

Shi ya sa yau in na je gidan mutane nake danna ƙararrawa, in ƙwanƙwasa, in ɗaga murya, in tambayi ina ake zama da ina ake hawa, har 'ya'yana na jan rigata suna cewa Baba ya isa haka. Ban damu ba. Abin da na koya, a makare, shi ne kowane gida da inda yake ajiye baƙo da inda yake ajiye kaya, kuma wanda ya fi ƙarfin tambaya shi da kansa zai je ya zauna cikin kayan.